Saƙon Da Na Aika Wa Lemuel

"Au, ga budurwar ɗan majalisar da ya ɓuya a bayan tebur!" Cordelia ta faɗa da ƙarfi a ƙofar coci, 'yan matan garinmu Omaha suka kwashe da dariya.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Samari duk sun tafi yaƙi da 'yan tawayen Kudu, ban da Lemuel ɗina. Babana ya rantse ba zai ba matsoraci 'yarsa ba.

"Orpha, masoyiyata, ki fahimce ni," in ji Lemuel da yamma. "Ni kaɗai na rage wa Mama. Kuma yankinmu na Nebraska bai zama jiha ba tukuna, a majalisa ma aiki muke yi."

"Aiki? Surutu dai!"

A shekarun nan, namijin da ya ƙi shiga soja fatarin mata ake aika masa, ba suna ba wasiƙa. Cordelia ce ta zuga ni, don ta daɗe tana son sa. Amma ba zan ɗora mata laifina ba, da hannuna na naɗe nawa na kai gidan waya.

Bayan kwana uku ya zo cikin shuɗiyar rigar soja.

"Ɗinkin ya yi kyau," ya ce a hankali. "Ko cikin dubu zan gane hannunki."

"Lem... wallahi ni..."

"Bar shi, zuciyata. Ki kula min da Mama."

Harsashi ya kashe shi a fagen yaƙin Shiloh, cikin watan Afrilu. Majalisa ta yi zaman makoki, Babana har da kuka, wai ya rasa jarumin suruki. Sai da na yi mako biyu kafin na iya taka gidan su Lemuel.

Mahaifiyarsa ta rungume ni.

"'Yata! Ya rubuto min komai."

Na tsaya ina jiran ta kore ni.

"Ya ce duk garin nan ke kaɗai kika roƙe shi kada ya tafi. Allah ya yi miki albarka!"

Shekara goma sha tara na yi ina dafa mata abinci, ina taje mata kai. Kullum sai ta sa min wannan albarkar, kullum ina sunkuyar da kai in ce amin.