Jakar Wankin Bastien

"Ba a cikin injin wankina ba!" Mama ta daka mini tsawa, ta fizge jakar daga hannuna. "Ɗana yana kwance a asibiti ko ido bai buɗe ba, ke kina wanke wa wanda ya kwantar da shi safa?"

"Mama, ba da gangan ya yi ba..."

"Ki zaɓa, Solène. Ko ƙaninki, ko shi!"

Wata uku ke nan da muka yi hatsarin mota. Bastien, wanda za mu yi aure da bazara, shi ke tuƙi, kuma ya sha giya a wajen biki. Ƙanina Rémi yana gefensa, ni ina baya. Aka tsare Bastien a gidan yari yana jiran shari'a. Da yake ni shaida ce, alƙali ya hana mu ziyara, ya hana wasiƙa, ya hana waya.

Wanki kaɗai ya rage mana. Duk Laraba Gwaggo Ginette, wadda ta rene shi, take kai masa wankakkun kaya ta karɓo masu datti. Ni ke wankewa. In na ninke, sai in kwantar da su kwana biyu cikin busasshen furen lavanda, irin wanda yake tsokanata da shi wai ina ƙamshin akwatin tsofaffi. Gandirobobi suna zazzage aljihu, suna laluba kalmasa, amma ba su da yadda za su yi da ƙamshi. Wasiƙata ke nan.

Ran nan na zaɓi Mama. Ta ɗauke kwalbar furen, ni kuma na daina wankin. Sati biyu Gwaggo tana wankin da sabulunta, ba ƙamshin furen. Na ce a raina ai zai gane. Wauta ta kai wauta!

Laraba ta uku Gwaggo ta kira ni da rana.

"'Yata, zo ki taya ni, jakar nan ta fi ƙarfin ƙuguna."

Na same ta a tashar bas ta ƙofar gidan yarin, sanyin Disamba yana yanka kunne, ita kuwa sai fara'a take.

"Yaron nan sai da ya shiga kurkuku ya koyi tsafta! Shekara ashirin ina fama da shi, yau ga shi har da ninki."

Na zuge jakar. Babu ko ɗaya mai datti. Wanduna, tawul, safa, duk a ninke tsaf. A can ƙasa ga koriyar rigar sanyin da na saƙa masa, mai hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo, wadda ko wanki bai taɓa yarda ya aiko da ita ba.

"Gwaggo... wankakkun da kika kawo yau fa?"

"Ya ce in koma da su, wai ba ya buƙata."

"Me kuma ya ce?"

"In Rémi ya tashi a ba shi kekensa. Ke, yau har dariya ya yi! Rabon da in ga hankalinsa a kwance haka..."

Mutumin da ke rawar ɗari tun Oktoba, shi ne zai rabu da rigar sanyi a Disamba?

Ban san sanda na kai tagar karɓar baƙi ba. Wata gandiroba mai furfura ta ɗago ta dube ni.

"Kina da takardar ziyara?"

"Ba ni da ita. Bastien Lecoeur, don Allah ku duba shi yanzu!"

"Baiwar Allah, ba ma ba da bayanin tsararre ga..."

"Ba bayani na zo nema ba, ni na kawo muku!" Na juye jakar a gabanta. "Duba! Komai nasa ne nan. Ya raba abin da ya mallaka, ya yi dariya, ya sallami gwaggonsa. Da me zai kwana? Sallama yake yi mana, kansa zai kashe!"

Ta dubi kayan, ta dube ni. Sai ta ɗauki waya ta juya mini baya. Abin da na tsinta kawai shi ne, "Shi kaɗai ne a ɗakin? To ku hau yanzu."

Minti arba'in muna zaune a benci. Gwaggo ta riƙe hannuna tana ta cewa, "Ni da na rene shi ban gani ba... ban gani ba." Ni ko kukan ma ya ƙi zuwa.

Daga ƙarshe matar ta fito da kanta.

"Yana wajen likita, kuma ba za a sake barinsa shi kaɗai ba. Iyakar abin da zan iya faɗa ke nan." Ta rage murya. "Gara da kika zo yau, ba gobe ba."

A kicin na tarar da Mama. Na ajiye jakar a kan tebur, na faɗa mata komai, ban rage ba.

"Ki kore ni in kin so, Mama. Amma wankin nan sai na yi shi."

Ta dubi koriyar rigar. Can ta miƙe, ta janyo kujera ta taka, ta sauko da kwalbar daga saman kabad.

"Ban yafe masa ba," ta ce. "Amma in Rémi ya buɗe ido, shi zai fara tambaya. Me zan ce masa?"

Da na wanke kayan, ita ta barbaɗa furen da hannunta, Gwaggo ta mayar masa da su har da koriyar rigar.

Bayan sati biyu Gwaggo ta shigo tana toshe hanci.

"Ga mutuminki nan, ya koma ƙazantarsa!"

Na zuge jakar. Safa uku masu wari, riga da tabon miya a ƙirji. Na laluba har ƙasa, koriyar rigar ba ta ciki. Tana jikinsa.

Na cusa fuskata cikin dattin nan, na fashe da kuka.