Ka Daina Taba

A unguwar Kusfa, cikin birnin Zariya, akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Ita ce ƙaramar gidansu, shi ya sa kowa yake kiranta Auta. Tana da ƙoƙari a makaranta, sai dai bakinta ba ya riƙe magana. Abin da ta ji da safe, kafin azahar ya zaga unguwa.

Yayanta Zaharaddini yana karatu a wata kwaleji a wajen ganuwa. Shi ne shugaban ƙungiyar ɗalibai masu yaƙi da shan taba. Ranar Alhamis zai yi jawabi a gaban taro, don a hana busa sigari a ɗakunan kwanan ɗalibai. Ya fi wata guda yana shiri.

Ran Litinin da safe ya bar wayarsa a kan tabarma, ya shiga wanka. Sai wayar ta yi ƙara. An sha hana Auta ɗaukar wayar manya, amma hannunta ya yi mata ƙaiƙayi. Ta ɗauka ta leƙa. Saƙo ne daga Gwaggo Sa'ida, ƙanwar babansu mai aikin jinya.

"Zaharaddini, ka daina taba. In ba haka ba, sai mun kwantar da kai a asibiti."

Auta ta ajiye wayar da sauri. Yaya da shan taba? Ba ta tambayi kowa ba. A hanyar makaranta ta raɗa wa ƙawarta Zakiyya.

"Amma kada ki gaya wa kowa," in ji Auta.

"Haba, ni?" in ji Zakiyya.

Ashe bakin Zakiyya ma rariya ne. Da yamma ta gaya wa yayanta Ashiru, wanda kwalejinsu ɗaya da Zaharaddini. Shi kuma ya kai maganar wajen 'yan ƙungiya.

Ran Laraba Zaharaddini ya dawo gida jiki a sanyaye. Ko abincin rana bai kalla ba.

"Lafiya dai?" Inna ta tambaye shi.

"Inna, 'yan ƙungiya sun ce ba ni zan yi jawabi gobe ba. Wai ina shan taba a ɓoye. Wallahi ban taɓa sa ta a bakina ba."

Auta ta ajiye lomar da ke hannunta. Tausayin yayanta ya kama ta, ga kuma tsoro. Sai ta fashe da kuka.

"Yaya, ni ce na faɗa wa Zakiyya. A wayarka na gani. Gwaggo ta ce ka daina taba."

Zaharaddini ya buɗe saƙon. Ya karanta sau biyu, sannan ya dafa kai. Ya juya, ya ja wuyan rigarsa. Ga wani ƙaton maruru a ƙeyarsa, ya yi ja.

"Wannan Gwaggo take nufi. Kullum ina matsa shi, shi ne ta ce in daina taɓawa. Wayarta ba ta da harafi mai ƙugiya, sai ta rubuta taba a maimakon taɓa."

Auta ta saki baki. "Ke nan ba ka sha?"

"Ba na sha."

Wani sanyi ya ratsa zuciyarta. Ta ji daɗi, ta kuma ji kunya.

Inna dai ba ta yi dariya ba. "Ɗauko hijabinki. Inda kika kai maganar, can za ki je ki gyara ta."

Auta da Zaharaddini suka taka har gidan su Zakiyya a Ƙofar Jatau. A zaure Auta ta durƙusa a gaban Ashiru.

"Yaya Ashiru, kuskure na yi. Ba haka maganar take ba."

Ashiru ya duba saƙon, ya duba marurun, ya kece da dariya har da hawaye. "Ni ma da laifina, tunda ban bincika ba," in ji shi. Nan take ya kira 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya.

Ran Alhamis Zaharaddini ya yi jawabinsa. Ya dawo da fara'a, ya ce ɗalibai da yawa sun sa hannu a bar shan taba a ɗakunan kwana.

Auta ta yi ajiyar zuciya. "Yaya, ka yafe mini?"

"Na yafe miki, Auta. Me kika koya?"

"Ba zan ƙara ɗaukar wayar wani ba sai da izini. Kuma in ban gane magana ba, zan tambayi mai ita kafin in kai ta waje."