Hoda a Kan Matakala

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma aka kira ofishin 'yan sanda. Wata yarinya 'yar shekara shida, ana ce mata Auta, ta shiga ƙaramin tafkin ninkaya na bayan gidansu, ta fito tana kururuwa, idanunta sun ƙi buɗuwa. Likita ya ce sai gobe za a san ko za ta sake gani.

Da Sufeto ya iso tare da Sajan ɗinsa, ya tarar da uban yarinyar ya shaƙe wuyan rigar wani dattijo a bakin ƙofa.

"Ga mai gyaran ruwan nan! Ku rufe min shi! Tsohon banza, ya makantar min da 'ya!"

"Sake shi," in ji Sufeto. "Kamu aikina ne."

Tafkin bai fi girman falo ba, amma warin kulorin, maganin tsaftace ruwa, sai da ya sa Sajan tari. Sufeto ya ce dattijon ya gwada ruwan a gabansa. Ya tsoma siririyar takardar gwaji, ta fito fari fat.

"Me ke nan?"

"Maganin ya yi yawan da ya cinye launin takardar, ranka ya daɗe." Dattijon ya miƙa masa takardar. "Shekara tara ina kula da ruwan nan. Kofi ɗaya nake sawa da yamma, shi ma sai na narkar a bokiti. Da safe in gwada. Yau ƙarfe bakwai lafiya lau na bar shi. Ni fa na koya wa Auta iyo!"

"Maƙaryaci!" uban ya daka tsawa.

Sufeto ya durƙusa. Farar hoda ce kwance a kan matakalar tafkin, ko narkewa ba ta gama ba, daidai inda ƙaramar ƙafa za ta fara taka. Wanda ya san aikin ba zai zuba ta a bushe ba.

A ɗakin ajiya, kofin awo na rataye a ƙusa, tsaf da shi. Robar kulorin kuwa ta yi rabi, kuma a cikinta akwai kwanon kicin.

"Wa ke da makullin nan?"

"Ni da shi," in ji uban, yana nuna dattijon.

"Ina kake da rana?"

"Ofis, tun safe. Sai da aka kira ni."

"Kujeru takwas ɗin da aka jera a bakin tafki fa?"

"Shugaban ofishinmu zai zo cin abinci. Laifi ne?"

Ana haka uwar yarinyar ta dawo daga asibiti ɗaukar wa Auta kaya. Ta shiga ciki ba ta kula kowa ba. Ba ta daɗe ba ta fito, ta jefa wani baƙin wando a gaban Sufeto. Daga gwiwa zuwa ƙasa duk ya yi ɗigo-ɗigon fari.

"A ƙasan kwandon wanki na same shi. Da shi ka fita da safe, Baban Auta."

Uban ya kalli wandon. Sai ya zauna a ɗaya daga cikin kujerun baƙin.

"Da rana na leƙo, ruwan bai yi min garau ba. Na ce idan kofi ɗaya na gyarawa, kwano biyar zai sa ya yi sheƙi. Wallahi na manta yau da wuri suke tashi daga makaranta."

"Ka manta ka rufe ƙofar baya," ta ce. "Ka manta ka gaya min. Likita ya tambaye ka me ke cikin ruwan, ka ce ba ka sani ba. Amma ba ka manta ka canza wando ba!"

"Sannan ka so in sa wa wannan bawan Allah ankwa a madadinka," in ji Sufeto, ransa a ɓace. "Tashi. Sajan, kai shi mota."

Aka fita da shi, kansa a ƙasa.

Sufeto ya waiwayo. Dattijon ya riga ya jawo tiyo, ya kunna injin zuƙar ruwa.

"Baba, je ka gida ka huta."

"Sai na zubar da ruwan nan tukuna," ya ce, bai ɗago ba. "Ranar da aka sallamo ta, nan za ta fara nufa."