Ƙarar Taraktar Baba

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ƙafafunsa kawai ta gani. Sun leƙo daga ƙarƙashin injin sussukar da Kawu ya ɗauko haya, can bayan gidansu. Ita kuwa duk duniya ba abin da ta tsana irin ganin ƙafafun mutum a ƙarƙashin ƙarfe. Kofin ruwan da aka aiko ta da shi ya suɓuce daga hannunta.

"Fito! Don girman Allah ka fito daga nan!"

Ya zamo waje a firgice, sifana a hannu, giris har goshi.

"Lafiya, ƙanwata? Wuta ce ta kama?"

Ta girgiza kai, kunya ta rufe ta.

"Ai a kashe yake, bel ne ya saki nake ɗaurewa." Ya yi murmushi. "Amma fa an daɗe ba a tsorata saboda ni haka ba. Na gode."

Bakanike ne, kuma idon bakanike ba ya wuce ƙarfe. Yana goge hannu ya hango rumfar da ke gefe, da wani abu babba lulluɓe da tamfol, fayafayan garma sun nutse a ƙasa a bayansa, duk sun yi tsatsa.

"Wancan ba tarakta ba ce?"

"Ba a taɓa ta," in ji Auta, ta tsinci kofinta ta yi ciki.

Ta Baba ce. Auta tana makaranta ranar da abin ya faru. Ya ɗaga garma ya shiga ƙarƙashi yana ɗaure notin faifai, garmar ta sauko masa, ta yi ajalinsa. Mama kaɗai ce a gida. Tun daga ranar ba ta ƙara zama daidai ba. Tana cikin shara sai ta tsaya cak, ta karkata kai wajen rumfa.

"Auta, kin ji?"

"Ba komai, Mama."

Abin da Auta ba ta faɗa wa kowa ba shi ne, wani lokacin ita ma tana jin ƙarar taraktar.

To, daga wannan rana sai injinan Kawu suka fara lalacewa ba gaira ba dalili. Yau haron gyaran ƙasa na son giris, gobe injin shuka na toshewa, jibi an manta sifana. Kawu dai ya gane, ya yi shiru abinsa, tunda gyara yake samu a ɓagas. Ba a jima ba saƙonni suka fara shigowa wayar Auta.

"Autar Mama, yau ina zuba wa wata tarakta baƙin mai har ya malale ban sani ba, ke nake tunani. Mai ita ya tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na ce masa ƙwarai kuwa."

Ta mayar masa: "Baƙin Hannu, ka daina ɓarnar man mutane. In ka fito daga ƙarƙashin ƙarfen nan ka turo min ko da harafi ɗaya ne. Sai na gani nake iya cin abinci."

Tana son sa, so mai tsanani, kuma tsoron da take ji dominsa bai gaza son ba.

Da Kawu ya kawo maganar auren, Mama ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, na ba ƙarfe miji. Ba zan ba shi suruki ba."

"Haba, yaron nan natsattse ne."

"Shi ma wancan natsattse ne."

Akwai kuma mai kemis na bakin titi, wanda ya daɗe yana aiko gaisuwa. Farar riga, farce tsaf, abu mafi nauyi da yake ɗagawa kwalin magani ne. Shi Mama take so, kuma tsakani da Allah ba shi da wani aibu, sai dai in yana magana Auta hamma take yi.

A nan ne bakanike ya tafka kuskuren da bakanike kaɗai zai iya tafkawa. Shi a tunaninsa ba kyautar da ta kai ka tayar wa mutum injinsa da ya mutu. Da Mama da Auta suka tafi wajen yayar Auta da ta haihu, ya lallaɓa Kawu ya buɗe masa rumfa. Ya tsiyaye tsohon dizal, ya canza filta, ya sa sabon batir, ya haɗa wayoyin da ɓeraye suka cinye, ya sauya tiyon man da ke ɗaga garma. Yana yi yana fito, wai shi ga mai neman albarkar suruka.

Da la'asar suka dawo. Suna sa ƙafa a tsakar gida ya murɗa makulli.

Ƙarar ce, ita ɗin dai, da ɗan tarin nan nata kafin ta daidaita. Jakar Mama ta faɗi.

"Maigida!"

Ta kwasa da gudu, takalmi ɗaya ya fita. Ba ta ko kalli wanda ke kan kujerar ba. Ta zube a gwiwa gaban garmar, ta sa hannu biyu ƙarƙashin ƙarfen tana ƙoƙarin ɗagawa, tana kiran mutane su zo su taimake ta. Tsatsa ta yanke mata tafin hannu ba ta ma sani ba.

Bakanike ya miƙa hannu ya ja wani abu a ƙarƙashin sitiyari. Injin ya yi shiru. Mama ta ɗago ta zuba wa hannunsa ido, sannan ta sulale.

Ranar Auta ta rubuta masa tana kuka: "Ka san abin da ka tono? Kada ka ƙara zuwa gidanmu."

Amsarsa ta zo a gajarce: "Na ɗauka alheri nake yi. Wallahi ban san zan ji kunyar hannuna haka ba. Ki ba Mama haƙuri, ke kuma ba ni da bakin roƙonki."

Mai kemis ya yi ta sintiri da bandeji da maganin barci, Mama na kwance fuska ga bango. Auta ta gama sallamawa. In auren mai kemis ne zai ba Mama kwanciyar hankali, to a yi, ita ta haɗiye nata.

Wata safiya tana canza mata bandeji, Mama ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Yaron nan, me ya ja taraktar ta yi shiru?"

"Ban sani ba, Mama."

"Kira min shi."

Ya zo ya rame, ya durƙusa a bakin rumfa kansa a ƙasa. Mama ta wuce shi ta tsaya jikin taraktar, ta dafa tayar.

"Ranar da garmar ta danne Maigida na hau kujerar nan," in ji ta. "Na murɗa makulli, na zare shi gaba ɗaya, ta ƙi mutuwa. Na taɓa wannan, na taɓa wancan. Yana yi min magana daga ƙasa, ƙararta ta hana ni jin abin da yake cewa. Haka ta yi ta ruri a kansa har maza suka dawo daga gona, makullin yana hannuna."

Auta ta toshe baki. Ba ta taɓa jin wannan ba.

"Mama, irin waɗannan tsofaffin makulli ba ya kashe su," ya ce a hankali. "Sai an ja wannan ɗan jan ƙarfen, shi ke yanke mata mai."

"Wanne ke ɗaga garmar?"

Ya nuna mata libar da ke gefen kujera. Ta daɗe tana kallonta.

"Ka ji tsoron Allah ka faɗa min gaskiya. Da na ja wannan, da ta ɗaga?"

"Da ba ta ɗaga ba, Mama. Tiyon man ne ya fashe, shi ya sa ta sauko. Ni na cire shi da hannuna, a tsage yake. Ko ni ne a wurin, ba abin da zan iya."

Mama ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar rasuwar. Auta ta rungume ta, shi ma yana share ido da gefen hannu. Da ta lafa sai ta miƙe.

"Tayar da ita."

Ya kalli Auta, ta gyaɗa masa kai. Injin ya tashi, rumfar ta ɗauki rawa. Mama ta tsaya ta saurara, ta saurara, sannan ta miƙa hannunta mai bandeji ta ja ɗan jan ƙarfen da kanta. Shiru ya sauka, har ana jin kaji a bayan gida.

"Ashe ɗan wannan ne," ta ce.

Ta juyo gare shi. "Duk abin da ke jikin ƙarfen nan, ka koya wa 'yata, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ka ƙara shiga ƙarƙashin garma sai ka tokare ta da abin da ba ya fashewa. Ka yi min alkawari?"

"Na yi, Mama."

"To ka turo manyanka."

Mai kemis ya ji haushi na ɗan lokaci, daga baya ya zo ɗaurin auren da farar rigarsa. Ango ya wanke hannu har fata ta yi ja, baƙin dai bai fita daga gefen farce ba, Auta ta ce ya bar mata kayanta haka take so.

Da za a tafi da amarya, Mama ta kama hannayensu biyu ta haɗa a cikin nata.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya tsare ku daga abin da ba ku gani ba." Ta dubi Auta. "Ni ban ga furfurar nawa mijin ba. Ke Allah ya nuna miki ta naki."

"Amin, Mama," suka ce tare.