Ranar da Rada Ta Yi Shiru

Sufeto Haladu bai gama rataye hularsa ba Sajan Lukuman ya faɗo ofis yana haki. Ya ƙame, ya sara.

"Yallaɓai, an buge Lurwanu a hanyar Kabo."

"Wane Lurwanun?"

"Namu, Yallaɓai. Mai keke."

A Gwarzo ba a buƙatar ƙarin bayani. Lurwanu ɗan Madadi ne, yaron da ya fara tuƙa keke yana kai wa mahaifinsa abinci gona, yanzu kuma shi aka zaɓa ya wakilci jiha a gasar tseren keke ta ƙasa. Kullum da hantsi in ya wuce da farar rigarsa da hular kwano, masu shayi kan ɗaga masa hannu, 'yan tasha su yi masa kirari. Ko Sufeto Haladu, da ba ya yabon mutum da wuri, yakan ce wa baƙi, "Yaronmu ne."

"Yana da rai?"

"Yana asibiti, bai farfaɗo ba. Abokin atisayensa, Nasir na Kabo, ya ce farar a-kori-kura ce ta buge shi ta baya ta gudu. Mutane sun kamo Malam Dabo mai dakon tumatir. Ga su nan a ƙofa, wani har da jarkar fetur."

Sufeto ya mayar da hularsa ya fita.

Jama'a sun cika bakin caji ofis. An tsaga wa Malam Dabo wuyan riga, dattijo ne mai furfura, yana ta rantsuwa ba mai saurarensa. Sufeto ya ratsa su, ya kama hannun dattijon, sannan ya dubi mai jarkar.

"Ajiye ta nan. Mutumin nan yana hannuna, motarsa ma tana hannuna. Duk wanda ya taɓa ko madubinta, a ciki zai kwana."

Aka ajiye jarka. Amma ba wanda ya tafi.

Wurin da abin ya faru gangara ce mai ɗan lanƙwasa, da kwalbati a ƙarshenta. Keken yana nan a gefen gonar dawa, inda wasu manoma biyu suka tsare shi. Su suka ɗauki Lurwanu suka sa a mota.

Sufeto ya bi kwalta da ido. Ba alamar birki, ba fasasshen gilashi. Ya tsuguna gaban keken. Ƙafar gaba ta lanƙwashe kamar faifan da aka taka, inda ta daki kwalbatin. Ya ɗaga ƙafar baya ya juya ta. Ta yi ta juyawa lafiya lau, ko karkata babu.

A ƙarƙashin sirdi akwai wata 'yar na'ura baƙa, ba ta fi tsawon ɗan yatsa ba, jar fitilarta tana ta ƙiftawa. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

"Sajan, in mota ta bugi keke ta baya, me take fara samu?"

"Ƙafar baya, Yallaɓai. Da wannan abin."

"To ka gani."

Da suka koma, Sufeto ya sa aka ba Malam Dabo ruwa, sannan ya zauna gabansa.

"Baba, ka bi hanyar Kabo yau da safe?"

"Ban bi ba. Ta Dugabau na zagayo."

"Masu shingen hanya sun ce ka wuce su, har ka ba su tumatir."

Dattijon ya sunkuyar da kai.

"Na bi, ranka ya daɗe. Tsoro ne ya sa na yi ƙarya. Ka ga abin da suka so yi mini."

"Ka ga yaran?"

"Na gan su, tun kafin gangara. Kuma abin da ya ba ni mamaki, ban kai ga danna hon ba, na gaban ya riga ya raɓe gefe, bai ko waiwayo ba. Ya ɗaga mini hannu na wuce. Na ce a raina, yaron nan ido ne da shi a ƙeya?"

"Na bayan fa? Yana nesa da shi?"

"Ina nesa! A manne suke, kamar an ɗaure su da igiya."

Sufeto ya fita ya duba motar. Akwai lotsawa a gabanta, amma tsatsa ta daɗe da cin wurin.

Nasir yana zaune a barandar asibiti, idanunsa jajur. Ya girmi Lurwanu da 'yan shekaru, kuma kafin Lurwanu ya taso, sunansa ake kira in an yi zancen keke a yankin. Ya miƙe da ya ga Sufeto.

"Zauna, Nasir. Ina kake lokacin da abin ya faru?"

"Ina can baya, Yallaɓai. Na gaji, ya ba ni rata mai yawa. Motar ta wuce ni a guje, ina kallo ta kwashe shi."

"Da ka iso, ka ɗaga shi?"

"A'a. An koya mana kada a taɓa wanda ya faɗi, ko ya karye a baya. Ko yatsa ban sa masa ba. Ihu na yi manoma suka zo."

"Madalla, ka yi daidai. Wannan baƙin man na hannunka fa?"

Nasir ya dubi tafin hannunsa na dama.

"Sarƙata ce ta zame a Kabo, na mayar da ita."

"Allah ya sawwaƙe. Kada ka yi nisa, zan nemi ka sa hannu a bayaninka."

A cikin ɗaki Lurwanu ya farfaɗo. An ɗaure masa kafaɗa, gefen fuskarsa duk ya kuje. Yayarsa Sa'ada tana gefen gado. Injiniyar lantarki ce a Kano, da jin labari ta kamo hanya.

"Sannu, ɗan samari. Me kake iya tunawa?"

"Ina gangarowa, Yallaɓai, sai na ji kamar an ture ni. Shi ke nan." Ya juyar da kai wajen bango. "Radar nan, na'urar da ke ƙarƙashin sirdina, ita ta yaudare ni. Ba ta yi ƙara ba. Na saki jiki da ita, na daina waiwaye, ga abin da ta ja mini."

Sa'ada ta ciji leɓe. Ita ta sa aka kawo masa na'urar, bayan wata tirela ta taɓa jefa shi cikin rami.

"Malama, yi mini bayaninta kamar kina yi wa ɗan aji ɗaya," in ji Sufeto.

"Wadda ke ƙarƙashin sirdi tana leƙa baya, Yallaɓai. In wani abu yana matsowa, mota ko babur, tun yana nesa sai ta sanar da ƙaramin allon da ke kan keken. Allon ya yi ƙara, ɗigo ya fito yana hawowa. In motar da gudu take, allon ya yi ja. Shi ke nan mai keke ya raɓe tun da wuri."

"Akwai abin da ba ta gani?"

Ta gyaɗa kai.

"Abin da ba ya matsowa. In abu yana bin ka daidai gudunka, bai fi ka ba, ba ka fi shi ba, sai ta yi shiru da shi."

Sufeto ya juya ga ma'aikatan asibitin.

"Ina rigar da ya sa?"

Wata nas ta kawo ta cikin leda, an yanke ta da almakashi. Sufeto ya baje ta a kan tebur, ya duba, ya ninke ta a hankali ya ba Sajan.

"Malama, zo ki ɗaura mini na'urar nan a wani keke. Ba na kai maganar da ban gwada ba gaban alƙali."

Mutanen Gwarzo sun ga abin kallo da yammacin nan. Sufeto Haladu, da tumbinsa da furfurarsa, ya cusa ƙafar wando cikin safa ya hau tsohon keken wani kurtu, jar fitila tana ƙiftawa a bayansa. Wasu daga cikin masu jiran a ba su Malam Dabo suka biyo shi a kan babura.

Ya umarci Sajan ya taho da motar ofis ta baya. Motar tana can nesa, ko ƙarar injinta bai ji ba, allon ya yi tsuwa, ɗigo ya fito. Aka sake, wannan karon da gudu. Allon ya yi ja wur. Aka gwada da motar Malam Dabo. Haka. Aka gwada da babur. Haka. Har wani mai keke aka sa ya taso daga nesa ya cim masa, na'urar ta faɗa.

"Yanzu ka manne mini," in ji Sufeto ga mai keken. "Kada ka wuce, kada ka ja baya."

Suka yi tafiya mai nisa a haka. Bayan ɗan lokaci ɗigon ya ɓace. Allon ya yi tsit.

Sufeto ya taka birki ya sauko, gumi ya jiƙa masa kaki. Ya miƙa wa Sa'ada keken.

"Ki je ki gaya wa ƙanenki na'urarsa ba ta yaudare shi ba. Ita ce shaidar da ta fi kowa gaskiya yau."

Sa'ada ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Da la'asar sakaliya aka shigo da Nasir ofis. Ya karɓi biro zai sa hannu, Sufeto ya dafe takardar.

"Kafin nan. Ka ce kana can baya?"

"Haka ne."

"Malam Dabo ya ce a manne kuke."

"Mai laifi ai komai zai faɗa, Yallaɓai."

"Ka ce mota ta wuce ka a guje ta kwashe shi. Yau na gwada radar nan da motoci biyu da babur da keke, ba wanda ya matso ba ta yi ƙara ba. Lurwanu ya ce shiru ta yi. Ƙafar bayan kekensa lafiyarta ƙalau. Wace irin mota ce wannan, da ba ta matsowa, ba ta taɓa ƙarfe?"

"Na'ura ai tana lalacewa."

"Tana lalacewa. Riga fa?"

Sajan ya baje farar rigar a kan tebur. A bayanta, ƙasa da kafaɗar hagu, ga shatin tafin hannu na baƙin mai, yatsu a ware.

"Ka ce ko yatsa ba ka sa masa ba. Manoman da suka ɗauke shi na duba hannuwansu, jar ƙasa ce. Ɗora hannunka a nan."

Nasir bai ɗora ba. Ya zuba wa rigar ido, biron ya zame daga hannunsa.

"Ni na koya masa yadda ake zama a sirdi," ya ce, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ni na ba shi takalmina na farko. Da aka zo zaɓe, gurbi ɗaya ne, aka ce shi ne, ni in zauna a matsayin na ko-ta-kwana. Shekaruna sun ja, Yallaɓai, wannan ce damata ta ƙarshe. Muna gangarowa ina bayansa, na ga yashi a gefe. Na ce in ya faɗi nan, ya ɗan gurɗe, ya huta wata guda. Wallahi ban tuna da kwalbatin ba."

"Da ka ga za a ƙona dattijo da motarsa, shi ma ba ka tuna ba?"

Nasir ya kifa kai a kan tebur ya fashe da kuka.

Sajan ya sa masa ankwa. Kafin a fita da shi, Sufeto ya sa aka kawo Malam Dabo, ya miƙa masa makullin motarsa.

"Baba, ka yi haƙuri. Kana iya tafiya ta ƙofar baya, ba wanda zai gan ka."

Dattijon ya gyara tsagaggen wuyan rigarsa.

"Ta ƙofar baya? Ranka ya daɗe, tun kafin a haifi yaran nan nake tuƙi a hanyar nan, ko akuya ban taɓa takawa ba. Ta gaba aka shigo da ni, ta gaba zan fita. Kuma da bakinka nake so su ji."

Sufeto ya yi murmushi, ya riƙe hannunsa suka fito tare. Ya fuskanci jama'a, ya ɗaga murya.

"Mutanen Gwarzo, Malam Dabo bai bugi kowa ba. Babu motar da ta bugi Lurwanu. Wanda ya ture shi ya amsa da bakinsa, kuma kotu ce za ta hukunta shi, ba ku ba. Likita ya ce ƙashin yaronmu zai haɗe, zai koma kan kekensa. Wanda ya san ya taɓa dattijon nan yau, ya zo ya ba shi haƙuri."

Mai jarkar ne ya fara fitowa. Ya tsuguna har ƙasa.

A daidai lokacin Sajan ya fito da Nasir zuwa motar ofis. Mutane suka dare, ba wanda ya ɗaga hannu, ba wanda ya yi zagi. Wani mai shayi da ya daɗe yana yi masa kirari ya kawar da kai kawai. Aka rufe ƙofa, motar ta tashi.

Malam Dabo ya bar su suna tsugune ya nufi a-kori-kurarsa, ya buɗe bayanta.

"Ku tashi haka nan, na yafe. Ku kama mini tumatirin nan mu sauke, ya wuni a rana. Gobe da safe ni zan kai yaron gida Madadi, a gaban mota, kusa da ni."