Katin Ɗan Manomi

Rana ta sunkuya bayan gonakin rake na garin Lambasa, Rukshana tana gasa gurasar roti, mijinta Feroz ya shimfiɗa tabarma a baranda ya fito da kartar iyalai. A gidan nan ba a cin abinci sai an buga ta. Kowane iyali na mai wata sana'a ne, kati huɗu: uba, uwa, ɗa da 'ya. Ba ka roƙon kati sai kana riƙe da wani na iyalin. Wanda aka roƙa ba ya ƙarya. Wanda kuwa ya karɓa bai gode ba, dole ya mayar, wasa ya koma hannun mai katin.

Dadi, mahaifiyar Feroz, ta riƙe waɗannan ƙa'idoji kamar farilla. Takan kuma raba wa wani gurbi da ba kowa a bakin tabarma, tun shekarar da autanta Imtiyaz ya shiga rake da katin ɗan manomi a aljihu, bai sake fitowa ba. Yanzu Dadi ta rasu, Feroz kuwa mutum ne mai ganin ya fi ƙarfin camfi. Ya tsallake gurbin.

"Abba, ka manta rabon can," in ji Shabnam, 'yarsu tilo.

"Kartar da ba ta ishi masu rai ba? Ɗauki naki."

Dutse ya faɗo kan kwanon rufi. Wani ya biyo, sannan tsit, ko kwaɗin rafi ba ka ji. Shabnam ta miƙe a hankali, ta koma gurbin ta zauna, ta buɗe baki da muryar tsoho.

"Ba ni 'yar manomi."

Tun daga ranar, kowace magariba sai jifa, sai wannan roƙo. Yarinya ta daina ci, ta daina amsa sunanta. Feroz ya ji tsoron da bai taɓa ji ba, ya ajiye girman kai ya ɗauko Maulbi Hanif, tsohon limamin ƙauyen.

Bayan la'asar Maulbi ya zauna gabanta, ya yi ta karatu har ta fara karkarwa.

"Wane ne kai, me ka zo nema?"

"Ni maƙwabcinsu ne, na cikin rake. Tsohuwa tana raba mini, ina zaune lafiya. An hana ni, na zo in cika iyalina. Ɗan yana hannuna."

Ta zaro kati daga hannun riga, tsoho, ya yi jawur da ƙasa. Feroz ya gane shi, katin da Imtiyaz ya tafi da shi ne.

"Fita, don girman wanda ya halicce ka," in ji Maulbi.

"A buga da ni sau ɗaya. In na ci, yarinyar tawa ce. In aka cinye ni, na bar gidan."

"Bisa ƙa'idar gidan nan?"

"Bisa ita."

Maulbi ya rantsar da shi, Rukshana ta raba tana kuka. Feroz ya duba hannunsa: katin manomi yana ciki, na 'yarsa ma yana ciki.

"Feroz, ba ni 'yar manomi," in ji muryar tsohon.

Ya so ya ce babu, har bakinsa ya motsa. Maulbi ya girgiza masa kai. Ya miƙa katin. Hannun Shabnam ya fizge, dariya ta cika baranda, ta daɗe.

Rukshana ce ta daina kuka ta yi magana.

"Bai gode ba, Maulbi Sahib. Ko Dadi ce ta manta, mayarwa take yi."

"Ni in gode wa ɗan Adam?"

"Ka rantse," in ji Maulbi. "Mayar."

Yatsun suka buɗe da ƙyar, katin ya faɗo. Wasa ya dawo hannun Feroz. Ya dubi fuskar 'yarsa, ya yi magana da wanda ke bayanta.

"Ba ni ɗan manomi."

Iska ta kwantar da rake daga baranda har bakin rafi, ta wuce. Shabnam ta zube jikin uwarta tana cewa ƙishirwa take ji. Tsohon katin yana kan tabarma, da ɗan maɓallin rigar makaranta a gefensa. A inda iskar ta tsaya suka haƙa washegari, suka sami ƙasusuwan Imtiyaz da za su yi wa sallah su binne kusa da Dadi.

Amma a yammacin nan, Feroz bai taɓa katin ba tukuna. Ya durƙusa, hawaye na ɗiga daga gemunsa, ya fuskanci duhun rake, ya ce wa wanda ya ɗauke masa ƙane, "Na gode."