Koriyar Jita

"Yaya, don Allah kar ka taɓa! Fentin bai bushe ba!"

Auta ta sha gabansa ta ware hannuwa. A bayanta gangar jitar na reto a jikin igiya, koriya shar, warin fenti ya cika ɗakin feshi.

"Ni za ki tare wa hanya a shagona?" yayan nata ya daka mata tsawa. "Kujerun mutane na jibge, ke kina nan kina yi wa makaɗi bauta!"

"Na gama aikin mutane, Yaya. Wannan a lokacin hutuna nake yi..."

"Makaɗin ma mai mataccen hannu! Kin zaci ban ji ba? In dai ina numfashi, ba shi ba ke!"

Ya fice ya buga ƙofa. Ta sulale ta zauna a kan bokitin fenti. Wa ya gaya masa?

Tun rasuwar Baba, Yaya ke riƙe da shagon kafintan, ita kuma ke gugar katako da feshin fenti. A nan Dogo ya same ta wata safiya, rungume da ƙaton kwali. Makaɗin bes ne, jitar lantarkin nan mai tsirkiya huɗu da murya kamar rugugin hadari. Ya gaji da kiɗa da ta aro, sai ya sayo irin wadda ake haɗawa da hannu: ganga daban, wuya daban, wayoyi da notina a ƙulle cikin leda.

"An ce a kan fenti ba a ja da ke," ya ce.

"An kuma ce ba na aiki da ragwaye." Ta miƙa masa sanfefa. "Zauna ka goge."

Ya zauna. Kullum ya zo sai ya koma da ƙurar katako har a gira, ita tana masa dariya. Kafin katakon ya yi santsi, ya daina ce mata Malama.

"Rabin raina, wane launi kike so?"

"Jitarka ce fa."

"Ni ma ai naki ne, bare jita."

Ta sunkuyar da kai ta ce kore.

Ana cikin haka mota ta buge shi a kan babur. Raunukan duk suka warke, ban da hannun hagu, hannun da ke danne tsirkiya. Yatsun suka yi sanyi, ko tsinke aka soka ba ya ji. Ya roƙe ta kada kowa ya sani. Bayan ita, mutum ɗaya ce ta sani: mawaƙiyar ƙungiyarsu, wadda ta daɗe tana bin sa da ido.

Ranar da Yaya ya yi faɗan, da yamma, Auta ta tare mawaƙiyar a bakin ɗakin da suke gwajin waƙa.

"Ke kika je wurin yayana?"

"Gaskiya na faɗa masa." Mawaƙiyar ta gyara tabarau. "Ke da me za ki taimake shi, da fenti? Kawuna likitan gashin ƙashi ne. Can zan kai shi."

Auta ta koma shago. Ta jira fentin ya bushe, ta goge shi har tana ganin fuskarta a ciki. Ita ta ɗaure wuyan da noti. Wayoyin kuma Dogo na zaune gefe yana nuna mata, ita tana liƙewa da dalma, har ta ƙona ɗan yatsa.

"Bar ta haka, masoyiya. Wa zai kaɗa ta?"

"Kai."

"Auta..."

"Na ce kai!"

Ranar da suka ɗaura tsirkiya, ta jona jitar a lasifika, ta rataya masa ita a kafaɗa. Ta yi masa kyau har sai da ƙwalla ta cika mata ido.

Ya ɗora yatsun hagu a wuyan jitar. Ya cije leɓe. Ya danna.

Wani kurman sauti ya fito, ya mutu nan take.

Ya sake. Gumi ya keto masa. Yatsun suka zame kamar ba nasa ba.

"Kawo in danna maka," ta ce da sauri. "Kai ka kaɗa da dama."

Ta danna, ya kaɗa. Sautin ya fito da kauri, har gwangwanayen fenti suka yi rawa a kan kantar shagon. Ta ɗago tana murmushi, sai ta ga shi kuka yake.

"Haka za mu ƙare? Ke ki zama hannuna?"

"In zama mana! Wa na kai wa ƙara?"

Ya cire jitar a hankali ya kwantar a kan teburi.

"Gobe zan tafi wurin likitan nan. In hannun ya tashi, zan dawo in ɗauke ku ku biyu."

Bai dawo ba. Da farko yana kira kullum, daga baya sai in ta kira. Auta ta rame, ta daina hira, abinci sai Mama ta tsare ta. Kowace safiya takan goge jitar ta mayar cikin zane.

Wata rana Yaya ya shigo ya tarar da ita tana gugar jitar. Ya karɓa, ya juya ta, ya shafa inda wuyan ya haɗu da ganga.

"Mama ta hana ni barci a kanki," ya ce yana kallon gefe. "Kira shi. Da hannu ko ba hannu, ya zo mu zauna."

Nan take ta danna lambar Dogo. Muryar mawaƙiyar ce ta fara amsawa, sannan aka miƙa masa.

"Rabin raina! Yaya ya yarda! Ya ce ka zo!"

Ta ƙara matse wayar a kunne.

"Kana ji na?"

"Hannun ba zai tashi ba, Auta. Likita ya gama magana."

"To sai me? Ka dawo haka!"

"Ita ke ɓalla min maɓallin riga. Ita ke yanka min nama a faranti. A gabanta ba na jin kunya, don ba na son ta. A gabanki ba zan iya ba... Zan aure ta. Ki yafe min."

Wayar ta katse.

Yaya na tsaye a bakin ƙofa, har ya fara murmushi.

"To, me ya ce? Yaushe zai zo?"

Auta ta kife wayar a kan teburi.

"Ya ce yana gaishe ka, Yaya."